Tokar da Na Zuba a Kogi

Assalamu alaikum. Ina roƙon a buga wannan wasiƙa ba tare da sunana ba.

Ni tela ne a unguwar Banifandu, a nan Yamai. Lakkwal ɗina, wato karatun boko, bai wuce aji shida ba. Tun ina yaro ni mutum ne mai waswasi: sai in sake alwala sau uku, in kulle shago in kai bakin titi in dawo in taɓa kwaɗon. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne in ga takarda mai sunan Allah a ƙasa. Ko a tsakiyar cunkoson kasuwar Katako nake, in na hango ta cikin shara sai na duƙa na ɗauka. Ina da wata tsohuwar tukunyar ƙasa, in takardun suka taru sai in ƙona su a ciki, in kai tokar kogi, kamar yadda na ga mahaifina yana yi. A lokacin ina ganin ba ni da wani hali da ya fi wannan kyau.

Ƙanwata da ke Tahoua ta ba ni amanar ɗiyarta, tana zaune a gidana tana karatun lissafi a jami'a, hayin kogi. A shekararta ta uku, shekarar kammala digirin lisansi, wani malaminta ya zaɓe ta cikin ɗalibai kaɗan, ya ba ta wata tambaya da za ta bincika ita kaɗai, shi nasa duba abin da ta kawo kowane mako. Ta taɓa yi min bayani a shago. Ta ce kamar in haɗa ƙyallaye ne in yi bargo, da sharaɗin kada biyu masu launi ɗaya su haɗa kafaɗa, to launi nawa ne mafi ƙaranci da zai ishe ni? Ta ce sanin amsar ba shi ne aikin ba, sai ta kawo hujjar da ba mai iya rushewa. Na ce Allah ya taimaka. Wata bakwai ta yi a kai. Ɗakinta ya cika da takardu, wasu a kan tebur, mafi yawansu a ƙasa, an soke su da alƙalamin bik, wasu an duƙunƙune. Kuma saboda tarbiyyar gida, ba ta taɓa fara shafi ba sai ta rubuta Bismillahi a samansa.

Malamin ya ce mata ranar Litinin ce ƙarshe. In ta kawo cikakkiyar hujja zai sa hannu, sunanta ya shiga jerin masu kare aikinsu a gaban malamai a wannan zango. In ba ta kawo ba, sai baɗi. Ranar Laraba da safe ta fito ɗaki tana dariya, ta gaishe ni, ta ce da alama hanya ta buɗe, ta tafi makaranta ko kumallo ba ta yi ba. Ban tambaye ta me take nufi ba.

Da hantsi na dawo gida ɗaukar almakashi. Iska ta tura tagar ɗakinta, takardu uku sun fito tsakar gida, ɗaya ta tsaya daf da magudanar banɗaki, gefenta ya jiƙe. Na ɗaga na ga Bismillahi. Na leƙa ɗakin, ga ire-irenta birjik a ƙasa, inda ake taka ƙafa. Na riƙa tunanin wata nawa ke nan ana tattake sunan Allah a gidana, ni kuwa ina can ina tsince na mutane a kasuwa. Maiɗakina ta tafi barkar suna, ba wanda zai ce min tsaya. Na bar na kan tebur, masu tsabtar rubutu, domin a ganina su ne aikin. Na kwashe na ƙasa kakaf, na zuba a tukunya, na cinna ashana. Ina tsaye har suka cinye. Na juye tokar a leda, na hau babur na nufi Saga, na gangara ta gefen gonakin shinkafa na zuba ta a ruwa. Na dawo zuciyata fes.

Bayan la'asar yarinyar ta dawo. Ina tsakar gida na ji ta shiga ɗaki, sai ƙarar jan katifa. Ta fito ta tambayi maiɗakina ko ta share mata ɗaki. Maiɗakina ta rantse ba ta shiga ba. Nan yarinyar ta yi bayani cewa na kan tebur tsohon aiki ne da malam ya riga ya gani. Sabon kuwa, matakin da ta sha wata biyu tana nema, yana cikin shafi huɗu da ta bari a ƙasa gefen katifa, duk an soke su, domin ba ta kai ga kwafewa ba. Sauran na ƙasan ma hanyoyin da ta gwada ne suka ƙi, tana ajiye su don kada ta sake bin su. Ta juyo ta dube ni ta ce, “Kawu, ko ka ga wasu takardu?”

Na ce mata ban lura ba.

Wannan kalma ita ce laifina na gaskiya, ba wutar ba. Ni da nake sake alwala saboda shakkar ɗigon ruwa, na yi ƙarya ido cikin ido, don kawai kunya ta kama ni. Na ce wa kaina ai kanta ne ya haifi abin, za ta tuno. Amma tunda ta yi zaton takardun suna nan wani wuri, ba ta zauna ta sake aikin ba, nema ta shiga yi. Ranar Alhamis ta juye gidan, ta bi maƙwabta ko iska ta kai musu. Ranar Juma'a ta bi mai amalanken shara har juji, ta dawo ƙafafunta baƙi ƙirin. Maiɗakina ta daina cin abinci da mu, domin tana ganin ita ake zargi. Ni kuwa ina shago ina ɗinka hannun riga a baibai ina farkewa. Sau biyu na tashi zan faɗa, in na kai ƙofar gida sai in fasa. A masallacin Juma'a ban ji ko kalma ɗaya ta huɗuba ba.

Ranar Asabar da safe ƙanwata ta kira daga Tahoua, tana min godiya kan yadda nake riƙe da ɗiyarta, ta ce ta riga ta sayi atamfar da za ta sa ranar kare aikin. Ina ajiye waya na kira yarinyar da maiɗakina, na faɗi komai, har tukunyar, har kogin. Maiɗakina ta ce in ji tsoron Allah, wato kwana uku ina kallon ana zarginta. Ita kuwa ɗiyar ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Sai ta ce, “Kawu, da ranar Laraba ka faɗa min, abin yana nan sabo a kaina.”

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Kwana biyu tana rubutu. Ta dawo da shafi uku, na huɗun ya ƙi. Ta ce tana jin sa kamar sunan mutumin da ka sani sarai amma ya ƙi zuwa baki.

Ranar Litinin na sa babbar riga na bi ta, ko da ta ce kada in je. Ban taɓa shiga jami'a ba. Malamin dattijo ne Bazabarme, Hausarsa da sauƙi. Na durƙusa na faɗa masa ni ne na ƙona, in akwai hukunci a ɗora min. Ya ɗaga ni ya ba ni kujera. Ya ce ya yarda da ni, kuma ya yarda ta gano matakin, amma a lissafi ba a sa hannu kan hujjar da aka ce an taɓa gani. Ya miƙa mata alli ya nuna mata allo. Na zauna ina kallon bayanta fiye da awa guda, tana rubutu tana gogewa, ban gane ko harafi ɗaya ba, amma na gane lokacin da hannunta ya tsaya. Ta sake farawa daga sama, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Ta ajiye allin. Malamin ya ce ta yi haƙuri, ba zai iya sa hannu ba.

Bayan mako biyar ta sake gano matakin, amma jerin ya riga ya rufe. Shekara guda ta ƙara, ƴan ajinsu suka wuce ta. Ita da kanta ta gaya wa mahaifiyarta cewa aikin ne bai kammala ba, ba ta ambace ni ba. Wannan rufin asiri ya fi min zafi a kan zagi, sai da na hau mota har Tahoua na faɗi gaskiya da bakina. Yanzu ta gama, tana koyarwa. Ta ce ta yafe, kuma na yarda, amma shekarar da ta rasa ba ni da inda zan samo ta in mayar mata.

Ban daina girmama sunan Allah ba, ba kuma zan daina ba. Amma na gane waswasi yana iya sa mutum ya tsare takarda ya cuci mai takardar. Ku iyaye da ƴan'uwa masu riƙon ɗalibai, abin da kuke gani shara a ɗakinsu wataƙila shi ne aikin gaba ɗaya, ku tambaya kafin ku taɓa. In kuma hannu ya riga ya yi ɓarna, ku faɗa a ranar. Ni na jira kwana uku, kuma ba ni na biya su ba.