Kuɗin Ƙafata a Hannun Umma

A gidanmu duk kuɗin da ya shigo sai ya fara bi ta hannun Umma. Haka muka taso a Kano, haka muka zo da abin Landan. Ranar da na karɓi albashina na farko a wani shagon kayan abinci da ke Old Kent Road, sai da na ciro shi gaba ɗaya, na zuba a ambulan, na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu. Ta riƙe, ta yi addu'a, ta tofa, ta zare takarda ɗaya ta sadaka, ta mayar mini da sauran. Daga baya da muka waye sai na riƙa tura mata ta waya. In ta ga ya shiga, ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin wayar ta sa albarka, ya kwana a wurinta, da safe ta dawo mini da shi. Ba wanda ya taɓa tilasta ni. Ni dai in ban yi hakan ba, kuɗin ba ya yi mini daɗin kashewa.

Mu biyu ne a flat ɗinmu na Thamesmead tun rasuwar Abba. Sunan Umma ne a takardar haya, kuma tunda ciwon baya ya zaunar da ita, benefit ɗinta, wato tallafin da gwamnati ke ba ta, shi ke biyan hayar. Ɗakuna biyu ne, hawa na biyu, taga na kallon ruwa. Ba wani gida ba ne na a zo a gani, amma a nan Abba ya kafa ƙusar da muke rataye kalanda, kuma ba mu da wani wurin.

Wata safiya zan tsallaka titi zuwa shago, motar kai kaya ta karyo kwana ta ɗauke ni. Ban ji zafi ba a lokacin. Abin da na tuna shi ne takalmina ɗaya can tsakiyar titi, da wata mata tana cewa kada in motsa. Ƙafar hagu ta karye wuri biyu, aka sa ƙarfe. Har yau in na ji ƙarar birki sai in tsaya cak. Aiki ya tsaya, ni ma na koma karɓar benefit, magunguna kuma aka riƙa ba ni kyauta saboda ina kansa.

Da aka fara maganar diyya Umma cewa ta yi mun yafe, ƙaddara ce, yaron da ke tuƙa motar bai yi da gangan ba. Maƙwabciyarmu ce ta hana. 'Yar Jos ce, Kirista, tana aikin kula da tsofaffi, ƙofarta na kallon tamu, ni da Umma duk Anti muke ce mata.

"Hajiya, ki yafe masa tsakaninki da Allah, wannan daban," in ji ta. "Ba daga aljihunsa zai fito ba, inshora ce. Don irin wannan ranar suke karɓar kuɗin mutane."

Haka aka samu lauya. Maganar ta ja kusan shekara biyu, likita ya duba, wani likitan ya sake dubawa. A tsakanin nan na kamu da wani hali: ba na iya buɗe wasiƙa. Kowace na buɗe sai na tarar da ranar da sunan titin a rubuce, sai in ji kamar ina kwance a kan kwalta. Sai na riƙa tura su ƙarƙashin akwatin burodi. In lauya ta bugo waya in ce mata to, to, na gode, don dai ta gama.

Da aka daidaita, lauyar ta bugo ta ce kafin kuɗin ya iso hannuna za a cire wa gwamnati wani ɓangare na benefit ɗin da ta ba ni saboda raunin, tunda diyyar ta haɗa da albashin da na rasa, ba a biyan mutum sau biyu a kan abu ɗaya. Ta ce asibiti da motar asibiti ma za su karɓi nasu, amma daga kamfanin inshorar, ba daga nawa ba. Na fassara wa Umma.

"Au, ashe lissafi suke yi?" Ta riƙe haɓa. "Duk murmushin nan da suke mana, ashe biro na hannu."

Lauyar ta ƙara wata magana, cewa ta aiko da wasiƙa mai muhimmanci, in karanta kafin in taɓa kuɗin. Na ce to. Wasiƙar ta bi 'yan'uwanta ƙarƙashin akwatin burodi.

Kuɗin ya shigo ranar Laraba. Na gwada tura wa Umma ta waya kamar kullum, wayar ta ƙi, wai ya yi yawa, sai an je banki. Muka sa Juma'a. Umma ta ciro atamfarta ta zuwa biki, ta fesa turare, ni na ɗauki sandata. Muna saukowa muka haɗu da Anti a matakala, ta dawo daga aiki da jakarta a kafaɗa.

"Kai, kai! Wa ke aure ba a gaya mini ba?"

"Banki za mu," in ji Umma. "Kuɗin ƙafar ya fito, za ta kawo a sa albarka."

"Madalla. Kawo shi ina?"

"Asusuna mana. Ya kwana biyu ya huce, in cire na sadaka, in aika wa su Yaya nasu a gida, sauran in riƙe mata."

Anti ta ajiye jakarta a kan matakala. Ta dube ni.

"'Yata, lauya ta san da wannan?"

Na ce a'a.

"Ba ta rubuto miki komai ba?"

Na ce ta rubuto.

"Ku koma sama. Hajiya, don Allah, banki ba zai gudu ba. Ni ƙafafuna ma ciwo suke, ki ba ni shayi."

A kicin na ɗaga akwatin burodi, kunya kamar in nutse. Anti ta zaɓi wadda ke da tambarin lauya, ta sa gilashi, ta karanta sau biyu. Sannan ta yi mana bayani da Hausarta ta Jos. Benefit irin namu, in ji ta, ana duba abin da mutum ya ajiye. In ajiyarsa ta haura wani mizani a rage, in ta haura na sama a tsayar gaba ɗaya. Ni da aka ji wa rauni an ɗaga mini ƙafa, kusan shekara guda ba za a lissafa kuɗin ba. Amma Umma ba ita mota ta buge ba. Ranar da kuɗin ya sauka a asusunta, a idon ofishin benefit nata ne, hayar gida ta tsaya. Ni kuma da na bayar, za su iya cewa da gangan na rabu da shi, su lissafa mini shi kamar yana hannuna, nawa benefit ɗin ya tafi, maganin kyauta ya bi shi.

"Ko kwana ɗaya?" in ji Umma.

"Hajiya, su ba su san kwana ɗaya ba. Takardar banki suke gani. Ki je ki ce musu albarka kika sa, ki ga ko akwai gurbin rubuta albarka a fom ɗinsu."

Na dubi ƙusar Abba, na dubi tagar, na fara lissafin inda za mu kai gadon Umma. Saura matakala goma sha wani abu da bas ɗaya mu yi wa kanmu wannan, da atamfa da turare.

Umma ta miƙe ta kwance ɗankwalinta.

"Wato yanzu ni ce abin tsoro. 'Yar da na haifa ba za ta miƙo mini abu ba sai Bature ya yarda."

"Ba haka ba ne, Umma."

"To yaya ne? Riƙe abinki."

Ta shige ɗaki. Kwana uku tana yi mini magana iya ta abinci da magani. Ni kuma ga kuɗi a asusu ina jin tsoronsa. Kuɗin da ya fito daga ƙarƙashin waccan motar, ba a tofa masa komai ba, ko burodi ban yarda in saya da shi ba. In na ba ta gida ya tafi, in na hana ta ban san yadda zan kalle ta ba.

Anti ce ta yi mana booking wurin lauya, ta ɗauki hutun rabin yini ta raka mu Deptford. Umma ta zo ne don kada a ce ta ƙi. Lauyar, wata doguwar mata mai yawan ba da haƙuri, ta ce abin da ta rubuto ke nan: a buɗe wa kuɗin asusu na daban, na amana, su suna ce masa trust. Kuɗin nawa ne, don amfanina, amma ba ni zan riƙe ba. Mutum biyu amintattu za su riƙe, ba a cire ko kwabo sai su biyun sun sa hannu. In aka yi haka, aka kuma sanar da ofishin benefit, ba za a lissafa shi cikin ajiyata ba.

Ina fassarawa, Umma na kallon bango. Sai na ga ta juyo.

"Tsaya. Wa zai riƙe?"

"Duk wanda na zaɓa, Umma."

"Tambaye ta, uwa tana iyawa?"

Na tambaya. Lauyar ta ce sosai ma, yawanci iyaye ake sawa.

"In na riƙe, za a taɓa gidan?"

Lauyar ta ce a'a, wanda ya riƙe amana ba mai kuɗin ba ne, muddin yana can a asusunsa na daban.

Umma ta gyara zama, ta ja mayafinta.

"To ai ajiya ce wannan. Shi ne ake ta zagaye-zagaye? Kakarki rabin matan unguwarmu a wurinta suke ajiya, a cikin kwalla ƙarƙashin gado, ba ta taɓa haɗa na wani da nata ba. Gaya mata mun riga su sani."

Ban fassara wannan ba. Na ce Umma ta amince.

"Na biyun fa?" in ji Umma. Ta dubi Anti ta gefen ido. "Wannan mai bakin ce ko?"

"Ni ce dai, Hajiya. Kuma wallahi in kika kawo mini maganar su Yaya ba zan sa hannu ba."

"Ji ta. Wa ya tambaye ki?"

Ranar sa hannu, bayan sati uku, Umma ta sake ciro atamfar nan. Lauya ta tura takardun gabanta da biro. Ni na riga ta, na ɗauke su, na sauko daga kujera. Ƙafar ba ta lanƙwasuwa sosai, sai da na dafa tebur, amma na kai gwiwa ɗaya ƙasa, na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta ɗora tafin hannunta a kai, ta yi addu'a mai tsawo, har da direban a ciki. Anti ta sunkuyar da kai tana cewa amin. Lauyar na tsaye da murfin biro a hannu, ba ta san ko ta zauna ba. Da Umma ta gama ta tofa a hankali a gefen takardar, ta buɗe jakarta, ta zaro takardar kuɗi ɗaya daga nata na cefane ta ba Anti.

"Ki ba mutumin nan da ke bara a bakin tasha. Wannan nawa ne, ba ruwan ofishin kowa."

Sannan ta sa hannu, a hankali, harafi bayan harafi.

Yanzu watanni sun shige. Haya na fita a kan lokaci, magani na zuwa, ranar Talata ina zuwa gashin ƙafa. Wasiƙu kuwa mun yi yarjejeniya: in ta zo in kai wa Anti, ta buɗe, ni in karanta da kaina tana zaune. Abu na farko da aka cire kuɗi dominsa takalmi ne na musamman, mai tudu a ƙafar hagu. Sai da amintattuna biyu suka yi rabin awa suna musu a kan launi, Umma na son baƙi don ba ya nuna datti, Anti na cewa yarinya ce, a bar ta ta sa ja. Ruwan ƙasa aka saya.

Har yanzu ban iya tsallaka Old Kent Road ni kaɗai ba. Satin da ya wuce na je bakin wurin da sabon takalmin, fitila ta ba da hannu sau uku ina tsaye, na juyo na hau bas. Da na iso unguwa na hango tagarmu a buɗe, Umma ta shanya ɗankwali a jikin ƙarfen. Na hau matakalar a hankali, na tarar ta ɗora ruwan tuwo.