Dattijo Mai Jar Mota

A filin baje kolin tsofaffin motoci nake kallonsa, wani dattijo siriri, tsaye a gefen jar motarsa mai kujera biyu marar rufi. "Ko noti ɗaya ba a taɓa canza mata ba," yake gaya wa 'yan kallo. "Ta girmi yawancinku."

Yana goge ta a hankali, amma hannunsa ne ke yi masa jagora. Ga kashin tsuntsu fari fat a kan bonet, ya goge gefensa ya wuce. Wani ya miƙa masa hannu, sai da ya lalubo.

Na san wannan laluben. Haka aminina ya riƙa yi, Allah ya jiƙansa. Ya ɓoye mana cewa idonsa na mutuwa don kada 'ya'yansa su karɓe makullin motarsa, irin wannan, har ranar da bai ga tirela a mararraba ba. Wataƙila wannan ma a gida cewa yake garau yake gani.

Dattijon ya shiga motar, yatsunsa na neman ramin makulli. Injin ya ɗauki ruri. Ya juyo wajena da murmushi.

"Ɗana, sun buɗe ƙofar fita kuwa?"

Ga ta nan a wangale a gabansa.

Tun rasuwar aminina ban sake shiga irin wannan mota ba. Amma na matsa kusa da shi.

"A buɗe take, Baba. Rage mini hanya mana."

"Ina ka nufa?"

"Duk inda za ka."