Mai Tabarau da Tambayar da Ba Tasa Ba

Kafin ya amsa kowace magana, sai ya cire tabarau, ya hura wa gilashin iska, ya goge da bakin riga, ya ɗaga sama ya duba. Haka muka same shi yana yi ranar ziyara, a ɗakin ganawa na gidan yari, zaune a ƙarshen dogon benci, hasken taga ya kwanta masa a gwiwa. Ƙafa ɗaya ta tabarau ɗin ta karye, ya ɗaure ta da zaren bargo.

"Ko kunya ba ka ji," in ji matarsa tana zama. "Mai gyaran tabarau guda, da tabarau ɗaure da zare."

"Maman 'yan biyu, ai kayan aikina suna hannunki. An ce har kin ƙwace mini masu ciniki."

"Sun ce na fi ka sauri. Ni ba na tsare mutum da surutu."

Mu uku muka je: ita, da yayansa, da ni, tsohon da ya daɗe yana zama a bencin shagonsa. Mun zo masa da magana daga lauya, kowa kuma yana jiran wani ya fara.

Na san shi tun yana ƙarami. Mahaifinsu kafinta ne, ƙarar injin yanka katako ta cinye masa kunne, sai ya zama ba ya jin kowa in ba wannan ɗan nasa ba, wanda muryarsa ke da wani siririn kaifi da ke ratsa kurumtar. Duk baƙon da ya zo, shi ake kira ya tsaya a kafaɗar uban ya zuba masa maganar a kunne. Wata rana wani ya zo a fusace kan ƙofar da ba a gama ba, yana zagi, shi kuwa ya tausasa maganar don kada ran uban ya ɓaci. Tsohon ya dubi fuskar baƙon, ya dubi ɗansa, ya kama masa kunne.

"Wannan fuskar ba gaisuwa take yi ba. Ka faɗa mini yadda ya faɗa. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Da wannan ya tashi. Maganar mutum a wurinsa kamar ruwa ce a tafin hannu, sai ya kai ta inda za ta bai zubar da ɗigo ba.

Da ya girma ya koyi gyaran tabarau, ya buɗe shago ɗan ƙarami, mai madubi ɗaya da allon haruffa a bango, da akwatin ƙananan kusoshi da sai da hantsaki ake ɗaukarsu. Masu jiran gyara ba sa gani sosai sai an mayar musu da idonsu, don haka sai su yi ta magana. A bencin nan na ga ɗalibin malami da mai wa'azin coci da wani direba da ya ce shi bai tabbatar da komai ba, suna musu har shayi ya huce. Shi kuwa yana sunkuye kan aikinsa, in murya ta fara tashi sai ya ce, "Tsaya. Kafin ka ba shi amsa, faɗi abin da ya ce tukuna, har sai ya yarda ka faɗi daidai." Rabin faɗan a nan yake mutuwa. Mutum ne mai salla a kan lokaci, bai taɓa ganin tambaya a matsayin abokiyar gabar imani ba.

Da benci ya yi kaɗan, sai ya buɗe shafi a intanet. Ya rubuta a samansa cewa duk wanda ya zo da tambaya kan addini baƙonsa ne, ba a zagi, ba a kora. Dokar benci ita ce dokar shafi. Kowace tambaya ta shigo, sai ya fara sake faɗinta da kalmominsa, ya ƙare da, "Na faɗi daidai?"

Wata rana wata mata da ta ɓoye sunanta ta rubuto. Kalmominta a warwatse suke, kamar na mai kuka. Ta ce tana aikin jinya, ta rufe idon jarirai da yawa da hannunta, tana so ta san laifin me suka yi da suke shan wannan azaba, kuma tun wani lokaci in ta tsaya yin addu'a bakinta ba ya buɗewa. Ya goge tabarau, ya tattara mata maganarta, ya jera ta tsaf, har ta fi yadda ta rubuta fitowa fili. A ƙasa malamai biyu suka ba ta amsa mai taushi. Amma ba amsar aka kwafa ba. Wani ya yanke sakin layin da ya rubuta, ya watsa shi shi kaɗai, babu sama babu ƙasa. Gari ya ɗauka, ana cewa ya yi wa addini ɓatanci. Matar ta tsorata ta goge nata rubutun, sai nasa ya rage a tsaye. Kafin a zo kama shi ta zo shago da tabarau lafiyayye, ta miƙa masa, ta ce, "Ni ce." Ya ɗaure kusar da ba ta kwance ba, ya mayar mata. Bai gaya wa kowa sunanta ba, har matarsa.

A kotu ma halinsa bai bar shi ba. Mai gabatar da ƙara ya yi ta kewaye-kewaye, sai mai tabarau ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, bari in ga ko na fahimce shi." Ya jera tuhumar da ake masa, ta fi ta mai ƙarar kyau da tsari. Lauyansa ya dafe kai. Mai ƙara ya ce a rubuta, ya amsa da bakinsa. Aka yanke masa shekarun da za su ishi 'yan biyunsa su gama firamare ba ya nan.

A gidan yarin suna kiransa Maimaita. In biyu sun yi faɗa kan wurin kwanciya, shi ake nema.

A ɗakin ganawar, yayansa ne ya fara kawo maganar. "Lauya ya ce za a sake duba shari'ar. Abu ɗaya suke so. Ka faɗi wadda ta yi tambayar, a tabbatar ba taka ba ce, ka dawo gida."

"Ita kuma fa, Yaya?"

"Ita ta jawo. Tun farko na ce maka ka bar addini ga masu shi, ka riƙe kusoshinka, ka ƙi ji. Kai malami ne? Yanzu ga shi."

Mai tabarau ya juya ga matarsa. Ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa don kada gandiroban da ke bakin ƙofa ya ji.

"Macen cikin 'yan biyun ba ta ganin allo a aji. Ni na gwada ta, ni na yanka mata gilashi, ina yi ina tsoron kada in ɓata mata ido. Namijin ya daina tambayarka, wannan ya fi tambayar ciwo. Ita waccan da kake rufa wa asiri tana kwana a gidanta. Ko sau ɗaya ba ta zo ta ce mini sannu ba. Ka ɗauki maganar kowa a duniya ka kai inda za ta, Baban 'yan biyu. Tawa fa?"

Ya cire tabarau. Ya hura, ya goge, ya ɗaga. Ban taɓa ganin ya daɗe haka yana duba gilashi ba.

"Kin ce na yi wa baƙuwa alƙawari, amma ke na fara yi wa. Kin ce ni na zaɓi wannan hanya, ke da yara kuka biya, ba wanda ya nemi shawararku. Kin ce mutane suna yaba mini a waje, ke kuwa babu mai ganin abin da kike ɗauke da shi. Kuma kina tsoron ranar da zan fito, yarana su gaishe ni kamar baƙo. Na faɗi daidai?"

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Ka faɗi daidai. Saura amsa."

"Ba ni da amsar da ta kai maganarki nauyi. Abin da na sani shi ne, in na faɗi sunanta, a wannan bencin za ta zauna, wani ya zo mata da irin maganar da kika zo mini da ita. Tambaya kawai ta yi, a inda na ce kowa ya zo ya yi. Ba zan iya ba. Ki yi haƙuri."

Yayansa ya yi tsaki, ya kau da kai wajen taga.

Ta miƙa hannu. "Kawo."

Ya ba ta tabarau ɗin. Ta kwance zaren da farce, ta daidaita ƙafar, ta sake naɗewa sosai, ta ƙulle, ta datse sauran da haƙori. Ta duba shi a haske kamar yadda yake yi, sannan ta sa masa a fuska da hannunta.

"Ban yafe maka ba tukuna."

"Kin ce ba ki yafe..."

"Wallahi in ka maimaita mini, sai na karya ɗaya ƙafar."

Dariya ta kubce mana duka, har da Yaya, irin wadda ke fita da gishiri a baki. Gandiroba ya ƙwanƙwasa ƙofa da makulli, alamar lokaci ya yi.

Ya miƙe. Ya rusuna wa yayansa, ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce mata gilashin yarinyar, ta riƙa sake gwadawa in shekara ta zagayo, idon yara yana canzawa. Ta ce ta sani. Ya taɓa ƙullin zaren a gefen kunnensa, ya juya, ya bi ta ƙofar da gandiroban ya riƙe masa.