Dattijon da Ya Ce Albarka

A tashar jirgin ƙasa ta Paris, cikin masu jiran jirgin Lyon, wani dattijo yana tsaye da babban kwat a kan shaddarsa. Tsayuwarsa ta ɗan kasuwa ce, irin mutanen Maraɗi da suka yi furfura a kantunan unguwar Aubervilliers da ke gefen Paris. Waya na kunnensa, ɗaya hannun yana jujjuya farar ƙwallo mai jan ɗinki.

"Yahuza, saurara. Ba kai ke jefa wa kulob ɗin nan ƙwallo a wasan besbol a Amurka ba? Shekara shida za su ɗaure ka da kwantiragi mai araha, wai kada hannu ya lalace ka tashi a tutar babu? Mai taya maraƙi, bijimi ya hango. Ka ce musu albarka. Ba a sallamawa a tayin farko, ɗana."

Ya kashe wayar yana duban Turawan gefensa, kai a sama, ko wani zai tambaye shi wane ne Yahuza. Babu mai tambaya.

Can sai ya dafa gwiwar hannunsa ta dama, yana shafawa a hankali kamar ta yaron ce, leɓunansa na motsi da addu'a.