Gayyar Injin Tamba

A Tungar Giginya, wani ƙauye da ke bayan fadama tsakanin Augie da Argungu, da zarar damina ta kankama hanyar gari takan koma hannun mutum ɗaya. Sunansa Tamba. Motarsa tsohuwar jif ce mai ruwan ƙasa, wadda ake ɗaure ƙofar bayanta da igiya. Motocin haya a bakin kwalta suke tsayawa. Masu babura kan gwada, su juyo da taɓo har gwiwa. Akwai hanyar jirgi ta cikin rafi, amma zagaye ce ta kusan wuni guda, kuma mai naƙuda ko wanda maciji ya sara ba shi da wuni. Jif ɗin Tamba kaɗai ke ratsa laka ta kai mutum asibitin Argungu da sauran numfashinsa.

Tamba ba direba aka haife shi ba. Manomin albasa ne, ɗan manomin albasa. Wata damina zazzaɓi ya kama ɗiyarsa Kausar, ya ɗora ta a amalanken shanu, ba su kai kwalta ba ta cika. Da rani ya zagayo ya sayar da amfanin gonarsa ya sayi jif, ya koyi tuƙi da furfura a gemu. Bai taɓa haɗa waɗannan abubuwa biyu a magana ba, mutanen gari ma ba su haɗa masa ba.

Ranar da injin ya mutu, yana dawowa ne daga kasuwar Argungu. An yi ruwa a gabas, mashigin da ya saba bi ya ƙara zurfi, motar ta shaƙi ruwa a tsakiya ta yi shiru. Tamba ya san abin yi: a kwance fulogogi, a fitar da ruwan, sannan a taɓa makulli. Sai dai akwai wata tsohuwa a cikin fasinjojinsa da sanyi ya fara kaɗawa. Ya goya ta, ya nufi gari da ita, da niyyar ya dawo da sifana.

To, mutanen fadama ba sa ganin abu ya maƙale su wuce. Ko sa ne ya nutse a laka, ko jirgi ya hau yashi, kowa kan ajiye fartanyarsa ya zo. Manoman shinkafa suka fito daga gonaki, suka turo motar har kan tudu. Da suka ga gangara a gabansu, sai suka ce ai aiki bai ƙare ba, bari su tayar masa da ita ya tarar tana jiransa. Abu, maƙwabcinsa, wanda ya taɓa tuƙa tarakta, shi ya shiga mazaunin direba. Suka tura da ƙarfin da suke ɗaga buhu, Abu ya sa giya ya saki kuloci. Aka ji ƙara ɗaya kamar an sari ƙarfe da gatari. Ruwan da ke cikin injin bai sami mafita ba, sai ƙarfen ya nema masa, ya huda gefen injin, baƙin mai ya malale a ƙasa.

Da Tamba ya dawo ya tarar da su tsaye cirko-cirko. Ya durƙusa, ya sa yatsa a cikin hujin.

"Ni nas sa giya, Tamba," in ji Abu.

"Kai kas sa giya, su sunka tura, ruwa yash shiga. Wa za ni kai ƙara?" Ya miƙe yana goge hannu. "Ku kama muna, mu kai ta gindin tsamiya."

Kowa a wurin ya san abin da ke cin Abu. Matarsa Rukayya cikinta ya tsufa, kuma haihuwarta ta baya da ƙyar aka ceto ta. Ungozoma ta riga ta ce wannan karon sai asibiti.

Washegari Tamba ya bi jirgi, ya hau mota zuwa Birnin Kebbi, wurin Hodi, ɗan kawunsa, bakanike mai gareji kusa da unguwar Gesse. Taubasai ne, ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Hodi ya saurari labarin yana dariya har da riƙe ciki.

"Taubashi, wagga mota ta girme ka. Kira 'yan gwangwan su auna ta, ka sai jaki."

"Ina da jaki. Ga shi nan tsaye gabana riƙe da sifana."

"To jakin ya ce a kawo mota nan."

"Ba ta zuwa. Kai za ka tahi."

Hodi ya daina dariya da ya ji zancen Rukayya. Suka zaga shagunan masu sayar da injin mota da aka taɓa amfani da shi, irin wanda ake kira Beljiyam. Hodi ba ya duba fenti ko sheƙi. Sai ya murza man injin tsakanin yatsu, ya kwance fulogi ya shinshina, ya sa ƙarfe ya juya injin da hannu yana kasa kunne. Ya ƙi wannan, ya ƙi wancan, har mai shago ya fara tsaki, kafin ya dafa wani mai ƙura a lungu ya ce wannan. Tamba ya rabu da albasar da ya ajiye don tsadar kaka, da bijimi ɗaya, bai yi ciniki mai tsawo ba.

A-kori-kura ta kai su bakin ruwa a Argungu, direban ya ce iyakarsa ke nan. A nan suka tarar da Maigandi, wani tsohon masunci da Tamba ya taɓa kai ɗansa asibiti. Ya zagaya injin, ya gwada ɗaga gefe ɗaya, ya girgiza kai. Jirgi ɗaya ba zai ɗauka ba. Sai ya sa aka jera jirage biyu, aka gitta azarar giginya a kansu aka ɗaure tamau, aka shimfiɗa tsofaffin tayoyi, aka zaunar da injin a tsakiya cikin tamfal. Ya ɗauko wata babbar gora, irin wadda masunta ke kifa ciki a kai su yi iyo, ya miƙa wa Hodi.

"Mi za ni yi da ita, Baba?"

"Rungume. In mun kihe, injin za mu nema, ba kai ba."

Hodi ya rungumi gorar tun daga bakin gaɓa, yana karanta duk addu'ar da ya sani. Tamba ya zauna dafe da tamfal. Duk sanda jiragen suka karkata sai ya ƙara danne injin da hannu biyu, domin ya san ba shi da bijimi na biyu da zai sayar.

Abin da bai sani ba shi ne, tun da ya bar gari Abu ya bi gida-gida ya kira gayya, kamar yadda ake kira in gonar mutum ta fi ƙarfinsa. Mata sun dama fura, an ɗauko makaɗi. Da jiragen suka iso inda rafin ya tsuke, nauyin ya zaunar da su kan yashi, sandunan tuƙi suka kasa. Sai ga kiɗa daga cikin shinkafa. Mazan Tungar Giginya suka shigo ruwa har ƙirji, Abu a gaba, suka sa kafaɗu ƙarƙashin azara. Makaɗi na kiran sunan kowa da na ubansa, su kuma suna amsawa, suna ɗaga jiragen da abin da ke kansu, har da Hodi da gorarsa, suka wuce da su cikin zurfi.

"Ku yi a hankali!" Hodi ke ihu. "Ku na kunka kashe na farin!"

"Shi yas sa munka zo biko!" wani ya amsa daga cikin ruwa.

A gindin tsamiya Hodi ya rataya sarƙar ɗaga inji a babban reshe. Can ya koma mutumin da aka sani, mai ƙarancin magana da saurin hannu. Aka zare mataccen injin, aka sauke sabon a hankali, mutane na jan sarƙa yana cewa a tsaya, a ƙara, a tsaya. Bakin giyabos ya ƙi haɗuwa, sai da Tamba ya kwanta a ƙasa ya tallafe shi da ƙirji yana juyawa kaɗan-kaɗan har ya ji ya faɗa wurinsa. Aikin ya ci sauran ranar da wadda ta biyo. Aka haɗa wayoyi da lagireto da salansa mai fitar da hayaƙi, aka zuba sabon mai. Hodi ya ja da baya ya ce, "Taɓa."

Tamba ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya yi shiru. Ya sake. A karo na gaba ya kama, ya yi rugugi, hayaƙi ya turnuƙe, sannan ya daidaita. Mata suka rangaɗa guɗa daga bayan danga. Tamba bai fito ba. Ya zauna riƙe da sitiyari yana jin motsin motar a tafin hannunsa.

Naƙudar Rukayya ta zo da hantsi, makon bai fita ba. Aka shimfiɗa mata katifa a baya, ungozoma a gefenta, Abu a gaba yana ta cewa a ƙara wuta. Tamba bai ƙara ba. Ya bi laka yadda ya saba, ya tsaya a mashigi, ya fita ya auna zurfin da ƙafarsa, ya dawo ya ratsa ta gefen da ruwa bai kai cinya ba. Suka hau kwalta, suka shiga Argungu, aka shige da ita.

Yana tsaye a inuwar mota, bonet a buɗe, yana duba mai, Abu ya fito da gudu, hularsa a hannu.

"Namiji, Tamba! Duk su biyu lahiya lau!"

"Alhamdu lillahi. Allah shi raya." Ya mayar da ma'aunin mai, ya rufe bonet. "Koma wurinsu. Ni za ni ɗauko uwatta da ƙannenta, tun ruwa bai ƙaru ba."