Loma Huɗu a Gidan Inna

Kano zuwa Jahun

Ƙarfe shida saura kwata muka bar tasha, ni da Yaya Habiba. Shekara biyu ke nan da likitoci suka rage mata tumbi, bayan ƙiba ta hana ta sujada, ciwon suga kuma ya sa ta gaba. Tun lokacin ba ta je gida ba. Inna, mahaifiyarmu, ta san an yi aiki, amma ba ta san na mene ne ba.

"Ku biyu, kujera biyu," in ji direba. Yaya ta ƙyalƙyale da dariya, don a da ita kaɗai ke cinye biyun.

Ƙarfe takwas muka tsaya a Jahun. Na share ƙosai goma, ita ɗaya da rabi. Can ta haɗiye ƙwayoyin ƙarin jini, waɗanda aka ce ita da su har abada.

Haɗejiya

Goma da kwata muka sauka. Ruwa ya shanye hanyar ƙauyenmu, sai kwalekwale, tafiyar minti arba'in. Yaya ta shiga da ƙafarta, ba mai riƙo. Tana ta jan hannun riga don rufe fatar da ta saki, tausayinta ya kama ni.

Gida

Ni Inna ta fara rungumewa, sannan ta tambaye ni wace ce baƙuwar. Da ta gane ta, sai kuka.

A wajenmu 'yar da ta zo ganin gida ba ta komawa sai da kumatu. Nan da nan aka dire tuwon shinkafa da miyar kifi. Loma huɗu cikin Yaya ke ɗauka. Na ƙirga har tara ina zungurinta, Inna na cewa, "Ƙara, 'yar nan." Yaya ta ƙara, ta ruga bayan ɗaki ta amayar.

"Tuwon nawa ne ya zama abin ƙyama?" in ji Inna.

Bakina ba ya riƙe magana, na zayyane mata komai. Da la'asar Yaya ta yi salla a gefenta, goshi har ƙasa. Inna ta idar, ta zauna tana kallonta.

Washegari da hantsi ta fito da wani ɗan ƙoƙo da ya sha ɗinki, wanda ta yaye mu da shi duka, da kunu rabinsa.

"Da wannan na raine ki," ta ce wa Yaya. "Sai mu sake."

Komawa

Kwana uku muka yi, muka iso Kano da azahar lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Inna da alheri. Ƙoƙon yana jakar Yaya.