Raken da Baba Ya Ɗaure wa Direban Jirgi

Ina shago a Bacirawa ƙanena Habibu ya kira ni. "Yaya, Baba ya rasu." Na ce, "Wane Baban?" Da hantsin ranar muka yi waya da mahaifinmu, Malam Isiyaku, yana yi mini tsiya wai birni ya sa na ajiye tumbi. Ko ciwon kai bai ambata ba. Bayan azahar ya jingina da mangwaron lambunsa, masu ban ruwa suna tsammanin gyangyaɗi yake yi, ashe rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hannuna na sa shi a kabari, amma zuciyata ta ƙi yarda.

Lambun nasa a bakin rafi yake, gab da gadar jirgin ƙasa. Ranar da jirgi zai wuce, yakan shimfiɗa buzu da yamma ya jira tsohon kan jirgin nan mai shan gas, mai baƙin hayaƙi. A kan gada jirgin yakan rage gudu, direba ya yi oda, Baba ya miƙa masa rake ko albasa a bakin doguwar gora. Bai taɓa shiga jirgi ba, bai kuma san sunan mutumin ba. "Mutumina" kawai yake ce masa. In Inna ta yi ƙorafin tsoho da shi yana tsayawa kusa da dogo, sai ya ce, "Wanda ya ratsa ta gonarka baƙonka ne, ko a kan ƙarfe yake tafiya."

Washegari Habibu ya nuna mini ƙunshin rake a jikin mangwaron. Baba ya sare shi, ya ɗaure, yana jiran jirgin yammacin nan. Na ce ba zan iya kai wa direban ba. Inna ta ce, "Baƙon ubanku ne. Ku bar shi ya yi ta oda babu mai amsawa?"

Na tafi. Ruwa kwance, balbelu suna komawa, komai yana nan yadda ya bar shi, abin ya ba ni haushi. Jirgin ya taho, ya yi oda. Direban, wani dattijo mai furfura, ya leƙo da fara'a, ya karɓi raken, idonsa yana neman buzun.

"Ina Malam?" ya ɗaga murya.

Sai na ɗaga tafukana sama kamar mai addu'a. Ya saki raken, ya dafe kansa da hannu biyu, jirgin ya tafi da shi a haka. A nan na yarda Baba ya mutu.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya karɓi baƙuncinsa kamar yadda ya karɓi na wasu. Allah ya ba Inna da mu haƙuri, ya ba mutumin nasa, wanda ba mu san inda za mu kai masa gaisuwa ba. Amin.